Layin da Na Sa Mijin Yayata Ya Ƙara

Mijin yayata mutum ne da za ka shekara kana wuce shi a baranda ba ka san aikinsa ba. Ni kaina, da nake ƙanwar matarsa, muna asibiti ɗaya, ƙofa biyu tsakaninmu, sai da na yi shekara uku kafin na gane abin da yake yi a ɗakin nan na ƙarƙashin bene. Ni ce mai ɗaukar hoton sikanin, na'urar nan mai kama da ƙaton zobe da ake tura mutum ciki a kwance. Shi kuma shi ke kula da kwamfutocin da ake ajiye hotunan. Ni in ɗauka, shi ya adana. Labarin da zan bayar na hoto ɗaya ne, hoton huhun yayata, wanda ya salwanta a hannunmu mu biyu a lokacin da ranta ya rataya a kansa.

Amma bari in fara da mutumin.

Ubansa mai gyaran rediyo ne, a cikin wayoyi da ƙaurin dalma ya tashi. Ya shigo asibiti yana mai buga takardu a ɗakin fayil. Da aka kawo kwamfuta ta farko, kowa ya ja baya kamar an kawo maciji a kwali, shi ya ɗauki ƙaton littafin da ya zo da ita ya tafi da shi gida. Yaya ta ce wata biyu ya yi yana cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan na kan shafi. Daga nan aka ba shi ɗakin ƙarƙashin bene, bai sake fita ba, shekara ashirin da uku. Ɗaki ne marar taga, da na'urar sanyi da aka saka don injuna ba don shi ba. Kullum yana cikin wata rigar sanyi ruwan toka da Yaya ta faci gwiwar hannunta sau biyu, ga fulas ɗin shayi a ƙarƙashin tebur, ga kujera ɗaya ta baƙo da ya ɗora wa tsofaffin wayoyi don kada baƙon ya daɗe.

Ba shi da aboki a asibitin, ba shi da abokin gaba. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya faɗa sai an matsa masa: tun da aka ba shi ajiyar nan, hoto ko ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Auta ce a gidanmu, Yaya ce ta goya ni, don haka mijinta abin tsokanata ne tun ina 'yar makaranta. In na leƙa ɗakin sai in ce, "Mijin Yaya, an biya ka yau ma don ka zauna a firji?" Sai ya ce, "Auta, rufe ƙofa, kina shigo min da zafi." Iyakar faɗanmu ke nan.

Wata rana da rana, babu marasa lafiya, na kwashe wayoyin kan kujerar na zube a ƙasa na zauna, na ce yau sai ya nuna min abin da yake ci da shi. Ya dube ni, ya dubi wayoyinsa, ya yi ajiyar zuciya, ya juyo da allon.

Na'urata ba ta da ciki. Hoton sati ɗaya ke cika ta, in ta cika kuwa ba ta ƙara ɗaukar kowa. Dole a kwafe hotuna zuwa babbar ma'ajiyar da ke ɗakinsa, sannan a goge su daga na'urar. Shi ya rubuta wa kwamfuta jerin umarni, abin da suke kira sikirif, mai yin wannan aikin kowace rana da ƙarfe biyu. Wurin gogewar nan ne haɗarin yake, don abin da aka goge ya tafi ke nan.

Ya ce, "Shi ya sa na sa masu gadi uku a bakin ƙofa." Ya ɗora yatsa a kan wani layi:

if ya_isa && ya_cika && ya_karantu

"Kowanne ɗan guntun aiki ne mai zaman kansa. Na farko ya duba ko kwafin ya isa ma'ajiya. Na biyu ya duba ko girmansa daidai yake da na asali. Na uku ya buɗe shi ya ga ko yana karantuwa. In kowanne ya gama, lamba yake dawowa da ita. Sifiri, lafiya. Duk wata lamba da ba sifiri ba, akwai matsala."

Na ce, "Wane irin lissafi ne wannan? Mu a makaranta sifiri bulala ake sha a kansa."

"A nan sifiri na nufin babu abin faɗa."

Ya nuna min alamar nan mai kama da ƙulli biyu a jere, &&. Ya ce aikinta shi ne sai na farko ya kawo sifiri za a tambayi na biyu, sai na biyu ya kawo za a tambayi na uku. Ɗaya ya ƙi, magana ta mutu, ba a goge komai. Ya ce akwai wata alamar, sanduna biyu a tsaye, ||, ita kuma in mutum ɗaya ya ce lafiya ta wadatar, ba ta ma waiwayar sauran. Wani ɗan kwangila ya taɓa ba shi shawarar ya yi amfani da ita a wani wuri don aiki ya yi sauri. Da yake ba ni labarin, har hancinsa ya buɗe don haushi. "Ba a ɗakina ba. Ni ba na goge hoton mutum da shaidar baki ɗaya."

Daga ranar na laƙaba masa Sifiri, sunan kuma ya bi shi. Har shugaban likitoci haka yake kiransa, sai dai ya sa Malam a gaba.

To, ga inda nawa hannun ya shigo. Sikirif ɗin nan ba ya magana. Ƙarfe biyu ta yi, ya yi aikinsa shiru, hotuna su ɓace daga na'urata, allon gabana baƙi ƙirin babu ko harafi. Ni kuma ba na yarda da shiru. Na fara yi masa mita. Na ce mutum yana zaune kamar gunki, bai san an duba ba ko ba a duba ba. Ya ce shirun shi ne alamar lafiya. Na ce ni ba kurma ba ce, a yi min magana. Sati uku ina binsa, a baranda, a wurin ajiye motoci, har a gidansa gaban Yaya tana kan keken ɗinki. Yaya ta cire fil daga bakinta ta ce, "Don Allah Malam ka yi mata abin da take so mu huta. Ka san ta."

Washegari ya yi min. A tsaye ma ya yi, ina bisa kansa ina cewa ya yi sauri ina da mutane a layi. A ƙarshen kowane mai gadi ya ƙara layi ɗaya, umarnin da suke kira echo, wanda ba ya komai sai rubuta magana a allo. Ya gwada da hotunan ranar, lafiyayyu ne duka, allon ya rubuta "an duba" sau uku. Na tafa hannu na ce, "Ka ga? Yanzu ya zama ɗan gidan mutane." Bai kai minti biyar ba duka.

Bayan wata huɗu Yaya ta fara wani tari da ya ƙi tafiya. Ni na kwantar da ita a kan na'urar, ni na ce ta riƙe numfashi. Likitan da ya karanta hoton baƙo ne mai zuwa sau ɗaya a sati, a allon na'urar ya duba, ya rubuta layi biyu: akwai ɗan ƙaramin ƙulli a huhun dama, a sake ɗauka bayan shekara a gwada. Bai rubuta awo ba. Tarin ya tafi da magani, muka ci gaba da rayuwa. Yaya ta koma ɗinkin kayan 'yan makaranta, tana faɗa da iyayen da ke kawo yadi kwana biyu kafin a koma.

Da shekara ta cika aka sake ɗauka. Wannan karon likitan ƙirji ne da kansa ya duba, dattijo marar son kwana-kwana. Ya kira mu ni da Malam Sifiri ofishinsa da safe, ya nuna mana ɗan farin abu kamar ƙwayar wake. Ya ce in haka yake bara, tabon tsohon ciwo ne, a manta da shi. In kuma ya ƙaru, to abu ne mai girma, sai a yanke ɓangaren huhun cikin satin nan. Wurin yana jikin babbar jijiya, ba ya yiwuwa a tsira allura a ɗebo. Zuciyar Yaya kuma ba ta da ƙarfi tun haihuwarta ta ƙarshe, ba zai kai ta ɗakin tiyata a kan zato ba. Ya ce, "Ku kawo min hoton bara. Minti ɗaya ya ishe ni."

Malam Sifiri har ya ɗan yi murmushi. Karo na farko ke nan da aikinsa zai yi wa matarsa amfani a gaban idonta. Ya ce, "Yanzu kuwa, likita."

Na bi shi ƙarƙashin bene. Ya buga sunan Yaya, sunan ya fito, da ranar, da komai. Ya danna. Babu abin da ya buɗe. Ya sake dannawa. Sunan hoton na nan amma babu komai a cikinsa, kamar ambulan da aka liƙe ba a sa wasiƙa ba.

Na ce, "Ka duba wani wurin mana."

Ya buɗe sikirif ɗin yana sauka layi-layi, yatsansa na bin allon. Da ya zo kan mai gadi na biyu, yatsan ya tsaya. Na ga jinin fuskarsa ya janye. Ya jingina da kujera ya cire tabarau ya riƙe a cinya, ya daɗe a haka har na ji tsoro.

"Malam, ka yi magana."

Ya ce, a hankali kamar mai karanta takardar wani, "Mai gadi, abin da ya yi na ƙarshe shi ake ɗauka a matsayin amsarsa. Da can abin ƙarshe shi ne dubawar. Tun ranar da na ƙara miki layin nan, abin ƙarshe shi ne rubuta 'an duba' a allo. Rubuta magana a allo kuwa ba ya taɓa gazawa. Kullum sifiri yake dawowa da shi."

"Ban gane ba."

"Suna dubawa, Auta. Suna ganin matsalar. Sai su juyo su ce lafiya. Su ukun duka."

Ashe wayar da ta haɗa na'urata da ma'ajiya takan yanke jefi-jefi, kwafi ya tsaya a hanya. Da can in hakan ta faru, mai gadi na biyu ya ƙi, hoton ya zauna a na'urar, gobe a sake kwafa, babu wanda ya ma sani. Amma wata goma sha shida ke nan duk abin da aka kawo ƙofar wucewa yake yi, a goge na asali. Ni kuwa ina zaune ina kallon "an duba, an duba, an duba" ina jin daɗi.

Na zauna a kan wayoyin nan. Na ce, "Ni na sa ka." Ya ce, "Ke kika roƙa. Ni na rubuta. Wannan abu ne da na sani tun kafin ki gama firamare." Gyaran bai kai minti biyu ba: a riƙe lambar tukuna, a rubuta maganar, sannan a dawo da lambar. Ina kallo ya yi shi. Wallahi sauƙin gyaran ya fi komai ƙona min rai.

Muka koma wurin likitan ƙirji hannu rabbana. Ya dube ni ya ce, "Ke kika ɗauka. Kin tuna girmansa?" Na ce ban tuna ba. Ya buga wa baƙon likitan waya, shi ma ya ce hoto nawa ya gani tun lokacin. Likitan ya rufe fayil ya ce babu abin yi sai a jira wata uku a sake ɗauka, a gwada da na yau.

Malam Sifiri ya kwana biyu yana tantance ma'ajiyar. Hoton mutum sittin da ɗaya ne suka tafi haka. Ya rubuta rahoto shafi uku, sunansa kaɗai a ciki. Na same shi na yi masa ta tas, na ce ko ya sa sunana ko in je da ƙafata in faɗa. Ya ce in je, ba za a gane me nake cewa ba. Na je kuwa, haka aka yi, shugaban likitoci ya ce in koma bakin aikina. Wasu a ofis suka ba shi shawarar ya ɗora wa wayar laifi, ai ita ta yanke. Ya ce waya aikinta ne ta yanke, shi aka ajiye don ranar da za ta yanke. Aka ba shi takardar gargaɗi, ba a kore shi ba, don babu mai iya zama a firjin nan in ba shi ba. Mutum sittin ɗin kuwa da kansa ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce ba komai, wasu suka zage shi har iyayensa, ya tsaya ya saurara har suka gama.

Ta sittin da ɗayan tana gida. Ranar Asabar na je da hantsi na same ta tana yanka yadi a kan tabarma, na durƙusa na fara, hawaye suka riga ni. Ta ɗaga almakashi ta ce, "Tsaya. Shi ma jiya ya zo ya durƙusa nan inda kike, ya ce shi ne. Yau ke kin ce ke ce. To ni da na ce ya yi miki don mu huta fa, gaban wa zan durƙusa? Kun ishe ni, ku biyun. Riƙe min bakin yadin nan."

Na riƙe. Layin ya karkace, ta ja tsaki ta ce ko riƙon yadi ban iya ba.

Wata ukun nan ban taɓa ganin kwanaki masu nauyinsu ba. Malam Sifiri ya daina shan shayinsa, fulas ɗin ya koma gida a cike. Ya cire wayar ofishinsa daga kan tebur ya ajiye a ƙasa. Kullum ƙarfe biyu yakan zauna ya bi hotunan ranar ɗaya-ɗaya da idonsa, ya buɗe kowanne, duk da sikirif ɗin ya gyaru. Yaya kuwa sai ta ƙara ƙiba ma, tana tsokanarmu wai mun fi ta kama da marasa lafiya. A sati na goma tarin ya dawo.

Hoto na uku abokiyar aikina ce ta ɗauka, na ce ba zan iya ba. Ƙwayar waken ta zama kamar ƙwan tsuntsu, ga wasu ƙanana biyu a ɗaya huhun. Likitan ƙirji ya ce yanka ba shi da amfani yanzu. Malam Sifiri ya tambaye shi kai tsaye, da an yi yankan wata uku da suka wuce fa? Dattijon ya ce bai sani ba. Ya ce da hoton bara ya nuna abin ya ƙaru, da ya yanke, wataƙila da ta tsira, wataƙila kuma ya riga ya bazu. Da kuma ya nuna girmansu ɗaya, da ya sallame ta ya ce ta dawo baɗi, ɓatan hoton bai cuce ta da komai ba. Ya ce, "Wanne ne a ciki, hoton kaɗai ya sani."

Wata bakwai ta ƙara. Ta gama duk ɗinkin da ta karɓa, ta mayar wa mutane ragowar yadinsu a ƙulle da sunayensu. Ranar Talata da safe ta rasu, kanta a cinyata, shi yana riƙe da ƙafafunta don ta ce suna mata sanyi.

Bayan kwana goma ya koma aiki. Ba ya shigowa ɗakina, tun da nake asibitin ban taɓa ganin ya tsallake ƙofar nan ba sai in na'ura ta lalace. Amma wata rana wajen sha ɗaya, na sallami wata mata ke nan ina goge gadon na'urar, na juya na gan shi a tsaye. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Auta, tambaya ɗaya zan yi miki, ba zan ƙara ba. Ke kika ɗauki na farkon. Idonki ya gan shi." Ya ɗaga hannu ya ware babban yatsa da manuni, ɗan tsakani kamar ƙwayar wake. "Ya kai haka? Ko bai kai ba?"

Na gane abin da yake nema. In na ce ya kai, girmansu ɗaya da na biyun, to ba shi ya kashe ta ba, zai iya barci. Kalma ɗaya ce, babu mai ƙaryata ni a duniya. Bakina ya buɗe da niyyar faɗinta.

Amma gaskiyar da ban faɗa wa likita ba, ban faɗa wa Yaya ba, ita ce ba mantawa na yi ba. Ranar da na kwantar da ita, da hoton ya fara fitowa a allo, tsoro ya kama ni. Huhun uwar da ta goya ni ne. Na kawar da kai na dubi bango har na'urar ta tsaya, na bar wa likita ban kalla ba. Ni da nake ganin huhun mutum arba'in a rana.

Na ce, "Malam, ban duba ba. Na ji tsoro na kau da kai."

Yatsun nan biyu suka daɗe a sama. Sannan ya sauke hannun ya sa a aljihu. Ya ce, "To." Ya ƙara da cewa, "Na gode da ba ki yi min ƙarya ba." Ya juya ya fita, ya ja min ƙofar a hankali.

Shekara biyu ke nan. Yana nan a ɗakinsa, muna gaisawa a baranda, ya cika alkawari bai ƙara tambaya ba. Ni ce ban huta ba. Na so mutumin nan kamar wan da muka fito ciki ɗaya, ya zo gabana sau ɗaya tak yana roƙo, na mayar da shi da kayansa a ka. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma mafi yawan ranaku ina jin da na ce masa ya kai.